Ba Rama Ba Ce

Badaru,

Na tafi aiki. Ban tashe ka ba don ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Tun bazara nake tara maka ɓawon ƙwai da na ayaba da ganyen shayi. Ni na kai ka wata gona a garin Pleasant Garden ka ɗebo kashin kaji na taki, har yau motata wari take yi. Ka cakuɗa ƙasarka, ka cika bokitai, ka ce mini rama ka shuka.

Jiya da ba ka nan Hajiya Larai ta zo. Na ja ta baranda ina ta yabonka, na ce ta tsinka ta yi kwaɗo. Ta murza ganye ɗaya ta sansana, ta ce, "Turai, wannan ai tabar wiwi ce." Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da sunana aka kama hayar gidan nan. In 'yan sanda suka gani, daga ni har kai sai a kore mu daga ƙasar Turawan nan, sai Kano.

Ka tumɓuke su kafin in dawo. Ƙasar kuma kada ka kuskura ka zubar, wahalata ce. Hajiya za ta kawo irin rama na gaske, kai za ka shuka, ina tsaye a kanka.

Yayarka,
Turai