Awon Mutum Ɗaya

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? A gaishe min da ita.

Ni lafiya lau, aiki sai godiya. Ranar Talata dai jiri ya ɗan ɗebe ni ina tsaye gaban injin guga, amma ba wani abu ba ne. Likitan kamfani ya auna jinina, ya tambayi abin da nake ci. Na ce soye-soyen shagon ƙasan benenmu, safe da yamma, shekara uku. Ya ce ko in koyi girki, ko in saba da ganinsa. Kada Inna ta ji wannan.

Na daɗe ina jan ƙafa. Shagon yana kusa, ina dawowa a gajiye, kuma kin san ko ruwan zafi ban taɓa ɗorawa a gida ba. Jiya dai na sauko da tukunyar da Inna ta cusa min a jaka, wadda nake ajiye takarduna a ciki. Na wanke ta, na auna shinkafa gwangwani shida, yadda na saba ganin kina yi. Sai da ta ɗaga murfin. Ga ta nan har yanzu, na rasa wanda zan kira.

Don Allah ki rubuto min girki biyu masu sauri, ba mai da yawa, ba gishiri da yawa. Ki sa awon mutum ɗaya. Shi ne ban taɓa gani a gidanmu ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki