Inna, Dutse Ya Cinye Yaya Sani

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ne autanki Garba, daga Yelwa. Tun rasuwarki ban taka dutsen bayan garinmu ba sai makon jiya.

Kin tuna yadda kike hawa da ni bayan damina, kina tsinkar sabara, ni ina cika aljihu da kanya? Kikan zaunar da ni a kan tsohuwar ganuwar da kakanni suka jera da duwatsu, ki nuna mini ruwan Kainji daga nesa, ki ce, "Tsohon garinmu na can ƙarƙashin ruwa. Wanga dutse kaɗai ya rage muna."

A lokacin ba mai ɗora gatari a kan kukar da ke samansa, ko mai salla ne, ko mai coci, ko mai bin gargajiya.

Inna, an sare kukar. Masu haƙar zinariya sun huda dutsen ta ko'ina. Ganuwar ma sun kwashe ta, sun tokare bakin ramuka da ita. Idon ruwan da kike wanke mini fuska ya koma jan kwaɓi. Ko biri ɗaya ban gani ba.

Cikin masu haƙar na tarar da babban ɗanki, Yaya Sani. Kifi ya ƙi kamuwa, shi ya sa ya jingine kwalekwale ya ɗauki diga. Na gaya masa maganganu masu zafi a gaban mutane, har na ce ya ci amanarki. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi 'ya'yansa ba za su ci ganuwa su kwana ba. Na sauko ko sallama ban yi masa ba.

Bayan kwana uku rami ya rufta da shi. Da hannu muka tono shi, Inna. Mun kwantar da shi kusa da ke. Muna zaman makoki muna jin injin niƙa dutse yana aiki.

Har yanzu ina ganin gaskiyata, amma da na sani na riƙe bakina, ko na juyo na miƙa masa hannu. Ke kika saba shirya mu in mun saɓa. Yanzu ya fi ni kusa da ke, ki roƙar mini shi gafara.

Allah ya haskaka makwancinku, ya raya marayun da ya bar mini.

Naki har kullum,
Garba