Ganye Marar Ido

Da sunan Allah na fara. Ni mahaifiyarku na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Ƙafafu ne suka ƙi, ba ƙwaƙwalwa ba, don haka kada 'yar'uwarku Likita ta ce wa mutane magani ne ya juya mini kai.

Gida da keken ɗinkina, malamai sun san yadda ake rabon su. Maganata a kan shukar nan ce mai hawa, ta gefen tagar falo, wadda kuke yi mini shaguɓe da ita kuna ce mata Autar Inna. Na karɓi sunan. Shekara goma sha tara muna tare, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

1. Ba za a raba ta ba. Babanku ya kawo ta cikin jiƙaƙƙen hankici, ganye biyu kacal. Sai da muka shekara uku kafin ratsin farin nan ya fito, shekara bakwai kafin ganye ya tsattsage kamar yatsun hannu. Bai ga na ƙarshen ba. Ba ta yin manyan ganye sai ta kama sanda ta hau, in aka daddatse ta kuwa ta koma jiya.

2. Kai Babba, na san wanda ya yanke ganye uku ina kwance a asibiti. Ka ji a waya irinta na da tsada, ka sayar, ka ce mini ɓera ne. Ban taɓa ganin ɓeran da ke mayar da almakashi cikin aljihun keke ba. Satar ta ƙona mini rai, amma jahilcin ya fi. Ka yanke ganyen ka bar idon a jikin kara, wato gaɓar da tsiro ke fitowa. Ganye marar ido zai yi watanni cikin ruwa kore shar, har ya yi saiwa, amma ba zai taɓa tsiro ba. Gawa mai kyan gani ka sayar wa bayin Allah. Ka nemo su ka roƙi gafara.

3. Ke Likita, kada ki ƙara ɗaukar buta kusa da ita. Kowane zuwa, minti goma, jaka a kafaɗa, ki kwarara mata ruwa don a ce kin yi wani abu, har saiwar ta ruɓe tana wari. Yatsa ake fara sawa cikin ƙasar, in ya fito da danshi a ƙyale ta. Ni ma haka kike yi mini, kwalaben magani a kan kwalabe, ba ki taɓa tambayar ina ke ciwo ba.

Wadda ta cece ta kun san ta: matar Auta, da kuke kira bare. Ni ma ban wanke kaina ba, shekara biyu ina amsa gaisuwarta a ciki. Ita ta zazzage tukunyar, ta yanke ruɓaɓɓiyar saiwa, ta haɗa sabuwar ƙasa da ɓawon itace da gawayi. Ban koya mata ba. Zama take yi tana kallon hannuna.

4. Saboda haka na ba ta shukar kyauta ranar Talata, gaban liman da mai kantin ƙasan bene, ta kuma karɓa. Shukar ba ta cikin gado. Wanda abin bai yi masa daɗi ba, ya haɗiye.

5. 'Yata matar Auta, haske za ki ba shukar, ban da rana kai tsaye, farin ne ke fara ƙonewa. Ki ɗaure ta a sanda da tsumma, ba da waya ba. In ganye ya fito fari fat kada ki yi murna: ba ya ciyar da kansa, korayen ke wahala a kansa. Auta, da kai nake, ka nemi aiki.

6. Wanda ke son reshe, ya je gidan Auta kowane mako har shekara ta zagayo. Ya gaishe da matar Auta da sunanta, ya ci abincinta, ya goge ganye. Sannan ita za ta yanka masa, da ido. Gabar da ke tsakanin Babba da Auta kuwa, a binne ta ranar da aka binne ni.

Na yafe muku, ko da yake da ƙyar. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su fi ku jin ƙai. Ku riƙe juna, kada ku yanke daga kara. In kun ƙi, za ku yi kore, a gan ku a yaba, na ɗan lokaci. Yadda abin ke ƙarewa, ku tambayi waɗanda Babba ya sayar wa ganye.