Abin da Inna Ta Gani a Yawuri

Anka, 4 ga Maris, 2003

Lirwanu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Na ba ka Inna ka kai ta Gusau likitocin ido su cire mata yana. Wata uku ina zarya kafin sunanta ya shiga. Sai jiya wani direban Gummi yake gaya mini wai Yawuri kuka nufa, har an gan ku cikin kwalekwale. Tsohuwar da ba ta ganin gabanta sosai ka ɗora a kan tafki? Likitocin sun tafi, sai baɗi. In idonta ya rufe, kai ka rufe shi.

Ka huta lafiya, in ka iya.

Yayarka, Habsu

Gummi, 11 ga Maris

Yaya Habsu,

Ina gaishe ki da girmamawa, ke da maigida da yara.

Kin yanke mini hukunci kafin ki tambaye ni, kamar yadda kika saba. Mun je Gusau. Likita ya haska ya ce ba yana ba ce, jijiyar ce ta lalace, aiki ba zai yi amfani ba, hasken da ya rage ma da wuya ya kai damina. Inna ta hana ni gaya miki. A tasha ta riƙe mini riga ta ce, "Kai ni in ga garinmu tun da sauran hasken ga. Habsu ba ta barina."

Wani Basarke, masunci, ya tuƙa mu. Mun bi gefen gari, ta ce rumfunan kifi kamar hayaƙi take ganinsu. Da muka kai tsakiyar ruwa ya kashe inji, ya ce nan ce unguwar su Inna da tafkin ya cinye lokacin da aka gina madatsar ruwa. Ni ban ga komai ba sai ruwa. Ita kuwa ta dinga nuna mini gidan ubanta, da marina, da inda aka binne kakarmu. Ta yi musu addu'a, ta ɗebi ruwan ta wanke fuska. Shekara talatin da biyar rabonta da wurin.

Ba zan nemi afuwa kan wannan ba. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki, Lirwanu

Anka, 15 ga Maris

Lirwanu,

Na gaishe ka.

Shekara biyu ni nake ɗiga mata magani safe da yamma, amma ni aka ɓoye wa. Gaskiya ta faɗa, da ban bar ta ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ban huce ba, kada ka ɗauka na huce.

Ka kawo ta ranar Juma'a. Na ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa bayan gida, gara ta saba da ita tun tana ganinta.

Allah ya kawo ku lafiya.

Habsu