Karan da Aka Ƙone a Bakin Ramin Kamfani

Zuwa ga Direkta na kamfanin fasa dutse da ke gabas da ƙauyenmu, a ƙasar Gaffati.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyalinka. Ni manomin lambu ne, da furfura na shiga makarantar dare na koyi rubutu, don haka da hannuna na rubuta wannan. A makon nan Allah ya ba ni jika ta fari, bayan ɗiyata ta daɗe ba ta samu haihuwa ba. Ina cikin murna, ba faɗa ya kawo ni ba. Zan faɗi abin da ya faru kawai.

Na ɗaya. Ruwan da kuke wanke ma'ajiyar nakiya da shi yana taruwa a ramin bayan katangarku. In damina ta yi, ramin ya cika ya gangaro fadamarmu. Rijiyar gidana ita ce ta fi kusa. Ruwanta ya koma ɗorawa-ɗorawa, yana ɗaci, albasar da nake shayarwa da shi ta daina yin kai.

Na biyu. Wata malama daga jami'a ta zo da izininku. Ta ce akwai farar fumfuna mai cin busasshen itace, wadda kan iya cinye dafin nakiya cikin ruwa. Ba ta yi mana alkawari ba, ta ce gwaji ne. Ta nemi karan gero don fumfunar ta kama. Mu muka ba ta, daga karan da muka tanada don danni da abincin dabba. Aka daddatse shi, aka cusa a buhuna, aka jera inda ruwan ke bi. Ya yi fari fat. Ta ɗebi ruwa a kwalabe, ta ce launinsa ya fara sauka.

Na uku. Da aka ji manyanku za su zo daga Yamai, sai shef, wato shugaban ma'aikata, ya sa a yi shara, kamar yadda ake yi ko'ina in baƙo zai zo. Suka ga ruɓaɓɓen kara mai wari, suka janye shi da manjagara, suka shanya, suka cinna wuta. Ban ga laifin masu shara ba. Kowa a nan ya san abin da ya yi fumfuna zubarwa ake yi, kuma ba wanda ya gaya musu. Baƙi sun ga wuri tsaf, sun koma.

Yanzu ɗiyata tana wankan jego a gidana. Wankan nan ruwa yake ci safe da yamma, jaririya ma sai an yi mata nata. Malamar ta hana mu taɓa rijiyar. A amalanke nake ɗauko ruwa cikin bido, wato jarka, daga famfon wani ƙauye, ni da jakina, duka mun tsufa.

Ina roƙon ka kira malamar ta sake gwajin, ka kewaye wurin da waya, ka tara ma'aikatanka a gaya musu da Hausa mene ne a cikin buhunan. Kara sai bayan girbi, zan sake bayarwa. Kafin nan, motarku mai yayyafa wa hanya ruwa ta riƙa tsayawa a ƙofar gidajenmu da ruwa mai kyau, har sai an auna rijiyoyin an ce ana iya shan ruwansu.

Allah ya tsare ma'aikatanka daga hatsarin dutse, ya raya maka zuri'a, ya raya mini tawa.

Wassalam, daga Habu mai lambu.