Durgunki, Hajjo

Zuwa ga matata Hajara,

Assalamu alaikum, Hajjo. Ina gaishe ki da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba, babu mai kai ta. Ko da kina raye ma miƙo min ita za ki yi, ki ce in karanta miki. Amma maganar ta tsaya min a ƙirji, kuma ba irin wadda ake kaiwa majalisa ba ce. Wane dattijo ne zai zauna a ƙofar masallaci ya ce kaji ne suka hana shi sukuni?

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana, dawa ce dai ruwa ya ɗauke mata da wuri. Katangar bayan ɗakinki ta zube da damina, mun tayar da ita. Bikin autarki Hafsatu yana nan da zarar an gama kai amfanin gona gida, da yaron nan na Gwaram da kika ce kunyarsa ta yi yawa. Yayyenta maza sun haɗa mata kayan ɗaki. Abu ɗaya ne ya rage, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna ranar da aka kawo ki Yalwan Damai daga Maruta? Cikin kayanki akwai kwando, cikin kwandon akwai kaji biyu masu gajerun ƙafafu, cikinsu kamar zai share ƙasa. Kika ce durgu ne, irin na kakarku, kuma a gidanku duk 'yar da za ta ɗakin miji sai ta tafi da mace da namiji. Tun daga ranar nake tsokanarki. Kazar da ba ta cika tukunya, ƙwanta loma ɗaya, sai cin dusa da iyayi. Ke kuwa sai ki ce in jira ranar da za ki ɗaura wa taki 'yar kwando. Allah Ya yi ta ba mu maza, sai a ƙarshe Ya ba ki mace guda. Kin jira wannan kwando fiye da yadda kika jira komai a gidan nan.

Ban taɓa gaya miki ba, amma ina son kallonki da su. In na dawo daga gona nakan tsaya a zaure in leƙo, in gan ki durƙushe da tsaki a tafin hannu, sun yanyame ki. Dogari, ɗan jan zakaranki, yana tafe yana tura ƙirji gaba kamar shi ya gina gidan. Ya kori zakarun maƙwabta da suka ninka shi girma, ya taɓa sa akuya gudu, amma da kin miƙa hannu sai ya hau ya zauna. Haka kika horar da su duka, ba su san tsoron mutum ba. Baƙar nan kaɗai ta ƙi, wadda kika sa wa Masifatu. Ita ba ta zuwa hannu, ba ta son a kalle ta, kullum kina cewa ita ce ta Sallah, kullum kina fasawa.

Yanzu ga abin da ban so in rubuta ba.

Ranar sadakar bakwai ɗinki mutane sun cika gida, 'yan uwanki daga Maruta mota guda. Naman da aka tanada ya kasa. Ina ƙofar gida kan tabarma ina karɓar gaisuwa, Hafsatu tana ɗaki ta kulle kanta. Matan da ke girki suka ce a kamo kaji. Wata ta ɗebi tsaki ta watsa a tsakar gida. Manyan kajin da ake kiwo don irin wannan rana suka watse, suka haye katanga. Naki kuwa suka rugo da gudu har ƙafar matar. Me suka sani? Mace ce da zani ta durƙusa da tsaki a hannu. An ce ko kokawa ba a yi da su ba, tsince su aka yi ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena Idi ya yanka, bai san na wa ba ne, bai tambaya ba.

Na ci tuwon, Hajjo. Har na ce miyar ta yi daɗi.

Sai da gari ya waye na ji gidan ya yi shiru fiye da shirun da kika bari. Babu wannan 'yar siririyar carar da nake cewa kamar ƙofa mai tsatsa. Na zaga bayan gida na ga jan gashi a kan juji. Ban yi wa kowa faɗa ba. Wa zan yi wa? Don ke aka yi, sadaka ce, kuma ina fata ladan ya isa gare ki. Da wane baki zan ce da an bar kaza a ranar da ake nema wa matata rahama? Amma raina ya ɓaci ɓacin da har yau bai gyaru ba.

Masifatu kaɗai ta tsira, kuma halinta ne ya cece ta. Ashe tana ƙarƙashin rumbu tana kwanci, inda ta ɓoye ƙwanta ko ke ba ki sani ba. Da na miƙa hannu ta sare ni har jini, kuma wallahi ban taɓa murnar ciwo irin ta ranar ba. Ƙwan Dogari ne a ƙarƙashinta. Ta ƙyanƙyashe biyar. Hafsatu ta shafa musu galura kamar yadda kike yi don shirwa ta ƙyale su, ni kuma na koma yaro, ina bin gindin bishiya ina haƙo musu gara. Duk da haka shirwa ta ɗauki biyu. Ruwan sama ya kama biyu a waje, sanyi ya kashe su. Saura ɗaya, ja kamar ubansa. Na sa masa Magaji, na ce shi zai gaji gidan, shi da uwarsa su cika kwandon Hafsatu.

Ban zauna a kan wannan fata kaɗai ba. Na hau babur na je Maruta gidanku. Matar yayanki ta ce ciwon kaji ya share nasu tuntuni, yanzu manya suke kiwo, masu nama. Na wuce Dingaya wajen ƙawarki Inna Mairo, wadda kika taɓa ba mace da namiji. Ta nuna min jikokinsu. Launin yana nan, amma ƙafafu sun yi tsawo, zakarun unguwa sun shiga irin, kuma da na matsa kusa suka tarwatse. A kasuwar Birnin Kudu duk tsamurarriyar kazar da yunwa ta hana girma sai a ce min durgu ce. Da a da ne da na saya. Yanzu na san tafiyarsu, na san tsayuwar wutsiyarsu, ni da nake miki dariya.

Sai na dawo na zuba wa Magaji ido. Kullum in na fito sallar asuba nakan ɗan dakata a bakin akurki, ko zan ji ya gwada murya. Na ce wa kaina durgu ba sa saurin cara. Na ce tukkunsa bai fito ba ne saboda damina ta wahalar da shi. Hafsatu kuwa in na fara maganar sai ta sunkuyar da kai ta shiga madafa. Ashe ta daɗe da sani. 'Yarki ce, a hannunki ta tashi.

Jiya da hantsi na ji kyarkyara a bayan turmi. Na je na tarar da Magaji tsaye a kan ƙwai, ɗan ƙarami, da ɗuminsa. Kaza ce, Hajjo. Babu zakara.

Na daɗe a tsugune da ƙwan a hannuna. Me zan sa wa Hafsatu a kwando? Ta ce za ta tafi da 'yar jar ita kaɗai, ta ce hakan ma ya isa, kada in damu. Amma ni da ita mun san abin da zai biyo baya. Zakarun gidan mijinta za su bi ta, 'ya'yanta su fito da dogayen ƙafafu, jikokinta su gudu in an watsa tsaki. Abin da kakarki ta riƙe, uwarki ta riƙe, ke kika riƙe har kika kwanta, a hannuna ya ƙare.

Bayan biki zai rage ni da Masifatu a gidan nan, tsoho da tsohuwa, ba mai shiri da wani. Ta sake komawa ƙarƙashin rumbu tana kwanci a kan ƙwan da ta yi babu zakara. Idi ya ce a tsoma ta a ruwa ta bar wahalar banza, na ce a ƙyale ta. Ɗazu na kai mata ƙwan da Magaji ta yi jiya na ajiye a gefenta. Ta sare ni a inda ta sare ni wancan karon, sannan ta sa baki a hankali ta jawo shi ƙarƙashin fiffikenta. Na san babu komai a ciki. Ban iya ɗauke shi ba.

Ki yafe min dariyar da na yi miki. Allah Ya jiƙan ki, Ya sa kin huta, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Mijinki da ke tsaron akurkinki,
Sale