Turken Bakin Rafi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya mijinki, har yanzu zakara na korarsa?

Ni lafiya lau, haƙora biyu kawai na bari a ruwa. Kada Inna ta ji.

Inda muke ɗiban yashi, wani ɗan rafi ne jawur yake gangarowa daga tudu ya faɗa babban kogi. A mahaɗar aka kafa turke: rafi namu, kogi na masunta. Ranar Talata na tuge turken na tura shi taku goma cikin nasu, don kawai in ga idon shugabansu, wani tsoho da muke kira Gemu.

Yaya, ban samu na yi dariya ba. Da adduna suka zo, suna ihu, "Ɓarayin ruwa!" Suka kife jirginmu, suka fasa wa maigidana kai, jininsa ya fi rafin ja. Yana kwance yake tambayata, "Kai, wa ya taɓa turken nan?" Na ce ban gani ba.

Sun rantse jibi za su ƙone rumfunanmu. Gobe da safe zan je gaban Gemu in ce ni ne.

Ki sa Inna ta yi mini addu'a, ki ce zazzaɓi ne. Sauran haƙoran ina son abina.

Ƙaninki mai giɓi.